Ranar da Inno Ta Yanke Waƙar Daɓe

A gidanmu na Ƙofar Dundaye ba a jiran dare ya yi nisa kafin a soma tatsuniya, don kakarmu Inno ba ta da jimirin doguwar hira. Da an idar da sallar magariba, tuwo na kan wuta, sai ta jawo 'yar kujerarta gindin murhu ta miƙe ƙafafu tana gasa gwiwoyinta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Kafin a kira isha ta gama, ta kore mu kamar kaji. Wanda ya makara kuwa sai dai ya roƙi wani ya maimaita masa da safe, kuma ba ta taɓa yin daɗi a bakin wani ba.

Inno ita ta haifi babana. 'Yar ƙauyen Kwalkwalawa ce, aure ya kawo ta cikin gari, gidan kakanmu Sanda magini, wanda ya rasu tun ban yi wayo ba. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "Malam" ko "mutumin". Gwiwoyin nan da take gasawa baƙaƙe ne ƙirin, sun yi kanta, kuma sana'arta ce ta mayar da su haka. Kafin siminti ya zo, in magina sun gama ɗaki, mata ake gayyata su yi masa daɓe. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta na itace, su yi ta dukan ƙasa lokaci guda har ta yi santsi tana sheƙi. Waƙa ce ke haɗa hannuwansu: mace ɗaya ta bayar, saura su amsa, madaɓai su sauka tare. A zamaninta Inno ce mai bayarwa a duk wannan yanki na gari.

Shi ya sa take fahariyar cewa babu wani babban soro a kusa da mu da ba ta shiga da rarrafe ba. In ta ja mu zuwa barka ko gaisuwa, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba sai ta cinye mana rabin yini. Ta tsaya ƙofar zauren wani tsohon alƙali da ke bayan layinmu, ta sa mu leƙa mu ɗaga kai. Ta nuna mana bakan gizo, wato ginin nan mai lanƙwasa da ke tasowa daga bango biyu ya haɗu a sama ya ɗauki rufi. Ta nuna yadda aka jera azara, itacen giginya da aka tsaga, a tsakanin baka da baka, kamar saƙar tabarma. Ta ce mu taɓa bango mu ji sanyinsa ga rana tsaka. Ta san hannun wanda ya gina kowane soro, ta san wanda ya yi ha'inci a cuɗin ƙasa. Ni dai a lokacin, gaskiya, haushi nake ji, don ƙosai nake hange a bakin hanya ita tana yi mini bayanin indararo.

Abin da ya jawo labarin da zan ba ku faɗa ne na yi a bakin rijiya. Ina da shekara tara ko goma. Wata yarinya ta ture mini tulu, na zage ta, ita kuma ta kira ni jikar Gina-ka-rushe. Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, irin dariyar da ke nuna kowa ya san zancen sai kai. Na dawo gida da yagaggen zane da zuciya fal. Da magariba, ana shirin tatsuniya, na tambaya a gaban kowa wane ne Gina-ka-rushe.

Innata ta daina tuƙin tuwo. Babana, da ke alwala a bakin randa, ya ce mini in kama bakina, ba zancen yara ba ne. Ga hadarin farkon damina ya haɗo daga gabas, iska na kaɗa wutar murhu tana kwantar da ita. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka duka zan sha. Sai Inno ta ce wa babana ya ƙyale ni, gara in ji a gida da in ji a rijiya.

"Ga ta nan," in ji ta, "amma wagga ba ta Gizo ta ba. Ku matso."

Ba wanda ya iya amsa mata yadda aka saba. Muka dai matsa.

Ta ce abin ya faru ne shekaru kaɗan bayan Nasara sun ci garin, lokacin da mutane ba su gama sanin abin da ke sa Bature dariya da abin da ke sa shi ɗaure mutum ba. Akwai wani daga cikinsu da ake yi wa laƙabi da Mai Agogo, don ba ya magana sai ya ciro agogo daga aljihu ya duba. Shi ya ce yana son a gina masa babban ɗakin taro, mai faɗin da ba a saba gani ba, kuma ba ya son ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, don yana son in ya zauna ya ga fuskar kowa. Tsofaffin magina suka yi ta kauce-kauce. Kakanmu yana da ƙuruciya a lokacin, hannunsa kuma ya fi na kowa kyau, ya san da haka. Da aka nuna shi, bai ƙi ba. Inno ta ce ranar ya shigo gida yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta, ita ma kuma ta yi murna, ba za ta yi mana ƙarya ba.

Shi bakan gizo, yadda ta bayyana mana, ba a gina shi da gaggawa. Magini zai kafa azara a bango ta ɗan leƙo ciki, ya ɗaure da igiya, ya shafe da ƙasa, ya tafi ya bar ta ta bushe sarai. Sai ta bushe zai dawo ya ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa. Haka daga wannan bango, haka daga wancan, har su haɗu a sama. Ƙasa ce ke faɗin ranar da za a ci gaba, ba mai ɗaki ba. To Mai Agogo yana da baƙo, wani babbansa da zai zo rangadi, kuma ya rantse a ɗakin nan zai tarbe shi. Kullum tafinta na zuwa da dogarai yana faɗin kwanakin da suka rage. Da kwanaki suka matse, kakanmu ya soma ɗora hawa biyu a yini guda, ɗanye a kan ɗanye. Bai gaya wa Inno ba. Ta gane ne don ya daina cin tuwo, kuma in ya dawo sai ya zauna yana murza ƙasar da ta maƙale a yatsunsa yana dubawa.

Aka gama rufi saura kwana uku baƙo ya iso. Aka yi gayyar daɓe, mata wajen talatin suka taru, wasu da goyo. Cikinsu har da ƙanwar Inno, Hajo, da tsohon ciki, wadda ta ƙi zama gida don tana son ta ga ɗakin da ake ta zance. Inno ta ce da suka shiga, duk suka ɗaga kai sama. Baka huɗu ne suka gitta juna a can sama, kowane siriri, an goge shi sumul, ga azara an jera ta gwanin kyau. Duk sorayen da ta shiga a rayuwarta ba ta ga na biyunsa ba, kafin nan da bayan nan. Ta ji kamar ta fita ta gaya wa duk garin cewa mijinta ne ya yi.

Suka durƙusa, ta ba da waƙa, madaɓai suka soma sauka.

A nan Inno ta tsaya ta gyara itacen wuta, ta ce akwai abin da mai ba da waƙa ta sani wanda magini bai sani ba. In mata talatin suka daki ƙasa lokaci guda, ɗaki yakan amsa. Lafiyayyen ɗaki yana mayar da ƙarar a dunƙule, dim, ya yi shiru. Wannan kuwa yana mayarwa, sai kuma wata 'yar ƙara ta biyo baya daga kusurwar gabas, siririya, kamar an taka busasshen kara. Ta ce wa kanta kunnenta ne. Sai ta ga ɗigon busasshiyar ƙasa a kan jiƙaƙƙen daɓen da ta gama gogewa a gabanta. Ta share da tafin hannu. Madaɓai suka sake sauka, ƙasar ta sake zubowa.

Ta saci kallon sama, ba ta ga tsaga ba, ba ta ga komai ba sai kyau. A waje kuwa, ƙarƙashin wata bishiya, ga Mai Agogo a kujera, ga tafinta, ga dogarai, ga tsofaffin maginan da aka tsallake aka ba mijinta aiki, ga shi kansa a tsaye ana yi masa barka. In ta yi magana, ta kashe masa suna a gaban waɗanda suka fi kowa jiran haka, kuma ba ta san abin da Bature zai yi masa ba. In ta yi shiru, ga Hajo can daidai ƙarƙashin bakan gabas tana duka tana dariya. Kuma ba ta da hujjar da za ta nuna wa kowa, daga kunnenta sai ɗan garin ƙasa da bai cika cokali ba.

"Baiti ukku niƙ ƙara," in ji Inno, muryarta ta yi ƙasa. "Ina ji, ina gani, niƙ ƙara baiti ukku. Shi nika roƙon Allah gahwara kai hal yau."

Iska ta taso ta watsa mana toka, ba wanda ya motsa. Ni dai na ƙanƙame zanen yayata, ina jin kamar rufin a kaina yake.

A baiti na huɗu ta rufe bakinta. Amshi ya zo bai tarar da abin amsawa ba, madaɓai suka sauka a warwatse, suka tsaya. Duk suka juyo suna kallonta. Ta ce musu kowace ta ajiye madaɓinta a hankali, ta tashi ta fita, kada wadda ta yi gudu, kada wadda ta taɓa bango. Wata tsohuwa ta ce ba a taɓa barin daɓe rabi ba, in ya sha iska ya lalace. Inno ta ce ya lalace. Ta kama hannun Hajo ta tura ta gaba, ita ta fito ƙarshe.

Tafinta ya taso yana tambayar abin da ya faru. Inno ta ce a 'yan takun nan daga ƙofa zuwa bishiya ta auna ƙarya iri-iri. Ta ce ciwon ciki ya kama ta? Sai a sa wata ta ba da waƙa, a koma. Ta ce ta ga aljani? Sai a kira malami ya yi addu'a, a koma. Duk ƙaryar da za ta rufa wa mijinta asiri, za ta mayar da matan nan ƙarƙashin rufin kafin azahar. Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta durƙusa, ba gaban Bature ba, gaban mijinta, ita da ba ta taɓa ɗaga murya gabansa ko a cikin gida ba.

"Malam, bakan gabas na zubda ƙasa. Ba ni maida ɗiyan mutane ciki."

Ta ce kakanmu ya juyo. Ya dube ta, ita kuwa da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ɗaya daga cikin tsofaffin magina ya yi gyaran murya, wani ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Da tafinta ya juya wa Mai Agogo maganar, sai ya tashi ya shiga ɗakin da sandarsa. Ya ƙwanƙwasa bango, ya tsaya daidai ƙarƙashin bakan gabas, ya buga ƙafa da takalminsa sau biyu, ya ɗaga kai. Ko ƙura ba ta zubo ba. Ya fito yana dariya, ya ce mata su koma aiki. Ba wadda ta tashi, don duk sun san kunnen Inno. Dariyar ta ɗauke. Ta bakin tafinta ya ce gobe da hantsi yana son ya ji waƙa a ɗakin nan, in bai ji ba magini zai kwana gidan yari.

Mu yara duk mun ƙosa mu ji rufin ya rufto. Bai rufto ba. Ya wuni a tsaye, ya kwana a tsaye. Kafin la'asar zance ya gama gari, cewa matar Sanda ta tozarta shi gaban Nasara, wasu su ce taɓin hankali ne, wasu su ce maƙiyansa ne suka saye ta. Uwar mijinta ta shigo tana kuka, ta ce a ɗaure mata kayanta ta koma Kwalkwalawa. Shi kuwa bai ce ta tafi ba, bai ce ta zauna ba. Ta kai masa tuwo, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Da aka fito sallar asuba bai dawo gida ba. Ashe gatari ya ɗauka da tsani ya nufi ɗakin shi kaɗai. Masu zuwa ɗiban ruwa sun hango shi ta ƙofa, ya hau ya fasa shafen bakan gabas, ya tura hannu ciki har gwiwar hannu. Sun ce ya daɗe a haka, bai motsa ba. Daga nan ya sauko, ya zagaya ya hau rufin ta waje, ya soma sara. Kafin dogarai su iso da hantsi ya buɗe rufin, bakan gabas na ƙasa, sauran ukun sun bi shi. Aikin da ya ba wata huɗu, ya kwantar da shi kafin rana ta yi zafi. Ya sauko ya zauna a kan tarin ƙasar yana jiransu.

An yi masa bulala a bainar jama'a, ya yi watanni a ɗaure. Baƙo ya zo aka tarbe shi a rumfa. Aka ba wani magini aikin, shi kuwa ya dasa ginshiƙai biyu ƙatta a tsakiyar ɗakin, ya gama bayan damina, Mai Agogo bai ce komai ba. Kakanmu da ya fito ba a sake ba shi babban aiki ba har ya mutu. Mutumin da ya fi kowa iya baka a unguwar nan ya ƙare yana yaɓen katanga da toshe yoyon ɗakunan mutane, yara na binsa da sunan da aka jefe ni da shi a rijiya.

Na kasa haƙuri, na tambaye ta abin da ya gani da ya tura hannu.

"Bai hwaɗi ba," in ji ta. "Ta ƙare nan. Ku tashi, ruwa ya zaka."

Ruwan kuwa ya sauko, muka watse da gudu. Na kwanta da takaici, don a ganina wannan ba labari ba ne. A tatsuniyar da na sani mai gaskiya yakan ci riba, a kunyata masu dariya. Nan kuwa mai gaskiya ban ma san ko gaskiyar gare ta ba.

Na girma, na yi aure, yanzu ina unguwar Minanata a gidan bulo da kwano, wanda in rana ta take sai ka ce a tanda kake. Ɗakin mai ginshiƙai biyu na gan shi da idona kafin a rushe shi a yi hanya. Mutane na yabonsa, ni kuwa duk lokacin da na wuce sai in ji raina ya ɓaci. Tsofaffin sorayen da suka rage a cikin gari ina son su ƙwarai, amma ginin da ya fi zama a raina shi ne wanda ban taɓa gani ba, wanda bai yi mako guda a tsaye ba.

Sai da na san zaman aure na gane abin da ya hana labarin ƙarewa yadda nake so. Hanya biyu ce. Ko dai ya tura hannu ya ji azara ta saki a cikin ɗanyar ƙasa, ya san matarsa ta ceci rayuka. Ko kuma ya tarar da komai daram, ya tsaya a kan tsanin nan yana tunanin cewa in ɗakin ya tsaya, matarsa ta zama mahaukaciya ko maƙaryaciya a bakin garin har abada, sai ya zaɓi sunanta a kan nasa. A da ina ɗaukar darasin shi ne a faɗi gaskiya ko da ɗaci. Yanzu na san wanda ya faɗa ma ba ya tsira, don ba kullum ake nuna masa ko ya yi daidai ba.

Na kai mata wannan tunani a shekarar da za ta rasu, tana kwance, idanunta sun tafi amma kunnen na nan. Na ce shekara talatin suka yi tare bayan wannan rana, a ɗaki ɗaya, me ya hana ta tambaye shi? Sai ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Sau nawa nika buɗe baki, ɗiyata," ta ce. "Tsoro nika ji shi ce min bakan lahiyatai lau."